Zan karanta littafin bincike na zamanin yaƙi, ya zan yi kada muryata ta tona mai laifi?

"Assalamu alaikum Malam. Ni a Kassala ta ƙasar Sudan nake, na saba karanta littattafan soyayya ina turawa a WhatsApp da Telegram, mata suna saurare. Yanzu kawuna ya rubuta labari ya ce in karanta masa da murya, amma wannan daban ne, kisan kai ne da bincike, a nan Kassala lokacin da Italiya ta kama garin a 1940. An tsinci gawar wani ɗan kasuwa Bahaushe a bakin kogin Gash, wani tsohon shawish, wato saje, na 'yan sanda ne yake bin sawu, kuma wanda ya yi kisan mutum ne da kowa ya yarda da shi. Na yi babi na farko na tura wa ƙawayena, biyu daga ciki suka gano shi tun a nan, wai daga yadda nake faɗin maganarsa. Ga maza sun yi yawa a littafin, ga sojoji, ga Larabci. Ya zan yi dan Allah? Kuma in sa ƙarar bom da jirgi ko kar in sa?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya saka wa kawun naki da alheri, don ba kowa ne yake tuna akwai Hausawa a garin nan tun kafin wancan yaƙin ba balle ya zauna ya rubuta. In na fahimce ki abu uku kika haɗa: muryarki tana nuna mai laifi tun kafin lokaci, mutanen littafin maza ne da baƙi masu harsuna daban daban, sai maganar ƙarar yaƙi. Na farkon shi ne babba, a kansa zan fi daɗewa, sauran biyun in kin gane shi za su zo da sauƙi.

Abinda ƙawayenki suka ji ba laifin muryarki bane, sabo ne. A littafin soyayya mai sauraro ya san inda aka dosa tun daga farko, ya san kishiyar nan muguwa ce, ya san saurayin nan na kirki ne, aikinki shi ne ki ƙara wa kowa launinsa, ki ja maganar muguwa ki tausasa ta abar tausayi, kuma mata suna son haka. Littafin bincike kuwa wata irin yarjejeniya ce tsakanin marubuci da mai sauraro, shi mai sauraron ya zama shawish na biyu, duk abinda shawish ɗin littafi ya gani dole shima a nuna masa, amma ba a yarda a nuna masa da yatsa ba. Toh ke kuma kin riga kin karanta ƙarshe. Kin zama kamar uwar da ta san wanda ya sha madarar, tana tambayar yaran duka amma idonta na kan ɗaya, ko yaron goye zai gane.

Inda asirin yake zuba

Ni a nan Jidda nake nawa karatun littattafai da murya, kuma duk wanda ya turo min gwaji na irin wannan littafin, wuraren da asiri yake fita kusan iri ɗaya ne. Akwai ɗan shirun da mutum yake yi kafin ya fara maganar mai laifi, numfashi ɗaya ne kacal amma kunne yana kama shi. Akwai saukar da murya, sai ki ji duk sanda mutumin ya buɗe baki murya ta yi ƙasa ta yi sanyi. Akwai kuma wanda ya fi waɗannan wuyar ganewa, shi ne in kin ankara kina so ki ɓoye, sai ki cika masa kirki, muryarsa ta fi ta kowa daɗi da ladabi, mai sauraron da ya saba da irin labaran nan yana jin haka zai ce ga shi nan.

A Hausa akwai wani wurin kuma na daban, ƙananan kalmomin nan da muke yayyafawa a magana, ai, dai, kam, fa, ma. Ɗauki misali, shawish ya tambayi mutum yaushe rabonsa da mamacin, ya ce "ai ni dai tun bayan la'asar ban sake ganinsa ba". In kika faɗe ta a tafiya ɗaya, amsa ce kawai ta mutumin da aka tsayar a hanya. In kika ja "dai" ɗin nan kika ɗan tsaya bayanta, kin mayar da shi mai kare kansa, kin riga kin sa masa ankwa. Tunda karin sautin kalmominmu ba a iya juya shi yadda aka ga dama ba tare da ma'ana ta canja ba, abinda yake ɗauke da zargi a muryar Bahaushe shi ne jan wasali da tsayawa da waɗannan ƙananan kalmomi. Ki sake sauraron babinki na farko da abin kunne, ki sa ido a kansu, ina kyautata zaton nan za ki kama kanki.

Maganin da nake amfani da shi biro ne. Ki karanta littafin duka sau biyu kafin ki kunna makirufo, karo na biyun da biro a hannu, a gefen kowace fitowa ta kowane mutum ki rubuta abinda yake SO a wannan lokacin, banda abinda ya aikata. Mai kisan in yana gaban shawish me yake so? A yarda da shi a kyale shi ya koma harkarsa. Mai shayin da bai san komai ba me yake so? Shi ma hakan. Kinga ashe murya ɗaya ce ta dace da su. Kuma shi mai laifin a ransa ba mugu yake ɗaukar kansa ba, yana da hujjarsa, wataƙila ma yana jin shi aka zalunta, ki karanta shi a matsayin mutumin da yake ganin yana da gaskiya.

Nan ne yaƙin yake taimakonki sosai, kuma shi ya sa marubuta suke son ajiye labarin bincike a irin wannan lokaci. A garin da baƙin sojoji suka mamaye kowa yana da abin ɓoyewa ko da bai kashe kowa ba. Wani ya ɓoye sukari da dawa, wani yana sayar wa sojojin kaya baya so unguwa ta sani, wata ɗanta ya tsallake ya tafi ɓangaren Ingilishi, wani bashi ake binsa. Duk wanda shawish ya tsayar zai yi inda-inda saboda nasa dalilin. Toh ki raba wannan fargaba daidai, kowa ki ba shi ɗan rabonsa, na mai kisan kar ya fi na saura kuma kar ya gaza. In kin gama babi ki tura wa mutum uku ko huɗu da basu san labarin ba, ki ce wa kuke zargi? In amsoshin sun watse kin yi daidai. In duk sun taru a kan mutumin kirki marar laifi to wannan ma riba ce, wataƙila haka kawunki ya shirya. In sun taru a kan mai laifin sai a sake.

Sai ranar tonon asiri. Da yawa in sun kai babin ƙarshe sai su canja wa mutumin murya gaba ɗaya, ya koma gurnani da dariyar mugunta irin ta fim. Ni bana so. Muryar nan da mai sauraro ya saba jinta tana gaishe da mutane tana yi wa matar mamaci ta'aziyya, ita ce za ta faɗi yadda aka yi, ba tare da ta canja ba. Wannan ne yake tayar da tsikar jiki.

Akwai kuma haƙƙin mai sauraro da bai kamata ɓoyon ya cinye ba. Mai karanta takarda in ya rikice zai koma baya shafi biyu, mai saurare kuwa tana wanke-wanke ne ko tana kan tukunya, ko direba ne a hanya, in alama ta wuce shi ta wuce. Don haka duk jimlar da take ɗauke da alama, a ce lakar da aka gani a takalmin wani, ko wanda ya ce yana masallaci da magariba alhali ba a gan shi a sahu ba, ki faɗe ta tar, kowace kalma ta fita, amma ki ba jimlar da take gabanta da wadda take bayanta nauyi iri ɗaya, kar ki yi shiru bayanta kamar mai cewa kun ji ko? Lokuta ma haka, mutanen wancan zamanin da salla suke ƙirga lokaci ba da agogo ba, kuma a kan "kafin la'asar" da "bayan la'asar" ake kama maƙaryaci, kar ki haɗiye su. In hira ta yi tsawo tsakanin mutum uku babu "in ji wane", ki roƙi kawu ya yarda ki ƙara a wuri ɗaya ko biyu, tunda yana raye kuma da izininsa kike yi, wanda wallahi ba ƙaramin abu bane a wannan harka tamu da ake ɗaukar littafin mutum a karanta a YouTube ko sallama babu.

Maza, sojoji da harsunan garin

Kar ki matse maƙogwaro kina neman muryar namiji, kafin babi na uku za ki dishe, kuma duk mazan za su koma mutum ɗaya mai mura. Mai sauraro ya san mace ce take karatu, ya yarda da haka tun minti na farko. Abinda yake bambanta mutane a kunne saurin magana ne da yanayin numfashi da ɗabi'ar baki. Dattijo ki rage masa gudu ki bar shi ya ƙarasa kalmominsa, ɗan kasuwa ya riƙa sauri yana katse kansa, malamin allo a natse, yaro ya riƙa haɗa jimla biyu a numfashi ɗaya. Shawish ɗin ki ajiye shi kusa da muryarki ta ba da labari, ƙasa kaɗan kawai, don shi za ki fi ɗauka. Kowane mutum in kin samo muryarsa ki ɗauki jimla biyu ki ajiye a waya da sunansa, wanda ya fito a babi na biyu zai iya ɓacewa sai babi na goma sha biyar, kuma a littafin bincike in muryar mutum ta canja ba dalili mai sauraro zai ɗauka alama ce.

Tarihin ma zai gaya miki wa ya kamata ya yi magana yaya. Italiya ta shiga yaƙin duniya na biyu ranar 10 ga Yunin 1940, ta tsallako daga Eritiriya ta kama Kassala ranar 4 ga Yuli, ta zauna har Janairun 1941 lokacin da rundunar Ingila da sojojin Indiya suka dawo, daga nan aka bi su har garin Keren a Eritiriya inda aka gwabza a Fabrairu da Maris. Kinga wata shida ne da 'yan kwanaki. Sun shigo ne a farkon damina lokacin da Gash yake kawo ruwa, azumin shekarar ya faɗo a Oktoba, babbar salla kuma farkon Janairu gab da fitarsu. In kin san wannan za ki san a wane babi mutane suke magana da bakin azumi, a wane babi garin ya fara jin ƙishin-ƙishin cewa baƙin za su tafi, kuma muryar jama'a a watan farko na tsoro ba daidai take da ta watan biyar ba da an fara sabawa ana ciniki.

Wani abin da masu karatu suke kuskurewa, da sun ga sojan Italiya sai su ɗauko muryar Bature mai gwamutsa Hausa irin ta wasan kwaikwayo. Alhali yawancin rundunar Italiya a wannan yanki askarawa ne 'yan ƙasa, musamman 'yan Eritiriya, Turawan su ne hafsoshi. Sojan da zai tsayar da shawish a kasuwa ya fi yiwuwa baƙar fata ne mai Tigre ko Tigrinya da ɗan Larabci, wataƙila ma Musulmi ne da za su haɗu a masallaci. Ke da kike Kassala kin fi ni jin yadda mutanen can suke Larabci, kina jinsu kullum. Shi kuma hafsan Bature, in kawu ya rubuta maganarsa da Hausa to ki karanta ta da Hausa mai kyau, a gajarce a bushe, ikon da yake da shi ya isa ya ba da tsoro, in kika mayar da shi abin dariya kin kashe haɗarin da labarin yake tsaye a kai.

Hausawan garin su ma ba baki ɗaya gare su ba. A 1940 dattijon da ya taso daga ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, irin ayarin da suka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, yana nan da ransa, kuma Hausarsa ta gida ce. Akwai alhazan ƙafa da suke shekaru a hanya suna aikin auduga suna tara kuɗin tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin zuwa nan Jidda, wasu yaƙin ya tsare su. Akwai kuma 'ya'yan da aka haifa a nan, Larabci ya riga ya shiga bakinsu. Ki bar wannan bambancin ya fito, amma in ba ki iya Sakkwatanci ba kar ki ƙirƙira, rage gudu da tsabtace kalmomi ya wadatar. Larabcin kuma na Sudan za ki yi ba na labaran talabijin ba, Gash da Gadarif da girish kamar yadda kakarki take faɗa. Maganar girish ta tuna min, kuɗin lokacin fam ɗin Masar ne, girish ɗari a fam ɗaya, milim goma a girish ɗaya, don haka in an ce an ba mutum fam biyu ki faɗe shi da nauyi, kuɗi ne na gaske. Haka in akwai fitowar da ake sauraron rediyo, a shekarar ne aka buɗe gidan rediyon Omdurman, BBC ta fara Larabci tun 1938, Italiya ma tana da nata shirin Larabci daga Bari, amma sashen Hausa na BBC sai 1957, don haka duk labarin yaƙi da Bahaushen Kassala ya ji, ko da Larabci ya ji ko daga bakin wani, shi ya sa jita-jita take da ƙarfi a irin wannan labari, ki karanta ta da muryar mai raɗa da ya tabbata da abinda bai gani ba.

Ƙarar bom

Ra'ayina kar ki sa. Mafi yawan masu saurarenki a lasifikar waya suke ji, ƙarar fashewa a nan tsatsa ce kawai take zama, ta rufe kalmomi, kuma wataƙila kalmar da ta rufe ita ce alamar. Sannan garin da aka mamaye ba kullum ake harbi ba, yawancin kwanakinsa shiru ne da sa ido da rufe ƙofa da wuri, wannan shirun shi ne abincin labarin bincike. Dalilin da ya fi min nauyi kuma kin fi ni saninsa. Tun Afrilun 2023 mutanenmu suke cikin yaƙi, Kassala cike take da waɗanda suka baro Khartum da Wad Madani da Sinnar, akwai matar da za ta sa abin kunne da daddare don ta samu hankalinta ya bar abinda ta gani, bai kamata ki jefa mata ƙarar jirgi a kunne babu gargaɗi ba. In littafin ya ce jirgi ya wuce, ki faɗa da baki, ki ɗan rage murya yadda mutane suke yi in suna jira su ji inda zai sauke, wadda ta san abin za ta cike sauran da kanta. In kina son ado, ɗan sauti gajere guda ɗaya tsakanin babi da babi ya isa, kuma ya zama naki ko wanda aka ba da izininsa.

Kayan aiki ba sai kin wahala ba. Waya mai kyau ko ƙaramin makirufo, tazarar ɗani ɗaya daga baki, a ɗan karkace don kada iskar "f" da "b" ta buga. Ɗaki mai katifa da labule da kayan sawa, ba mai siminti tsirara ba. Fanka ko mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a kashe, ni da zafin Jidda sai in sanyaya ɗakin tukuna in kashe in yi karatu kaɗan in sake kunnawa. In kin yi tuntuɓe kar ki tsaya, ki tafa hannu sau ɗaya ki maimaita jimlar, wurin yankewa zai fito fili a Audacity, manhaja ce ta kyauta a kwamfuta. Ki fitar da shi MP3 layi ɗaya, wato mono, a 64 kbps rabin awa yana kamawa kusan mega 14, wanda da irin netwok ɗin yanzu mutane za su iya saukewa. Ki yanke kowane kashi a kan tambaya ko ƙwanƙwasa ƙofa, ba bayan an ba da amsa ba, amma kar ki tura kashi na farko sai kin naɗe aƙalla rabin littafin, don in kika gano a tsakiya cewa muryar wani bata dace ba ki samu damar gyara baya.

Duk wannan na faɗa ne a kan yadda kika siffanta littafin, ban riƙe shi a hannu ba, kuma aikina na masu sauraro a waya ne ba na babban situdiyo ba. Abu ɗaya da zai iya canja shawarar shi ne wanda yake ba da labarin. In shawish ɗin ne da bakinsa yake cewa "na je, na gani" bayan shekaru sun wuce, to shi ma ya san ƙarshe kamar ke, kuma an yarda ɗan ɗaci ko nadama ta fito a muryarsa tun daga farko, sai dai ta bazu a kan garin duka da zamanin duka, kar ta sauka a kan suna ɗaya. Ki tambayi kawu wane shekaru yake jin shawish ɗin yana da su lokacin da yake ba da labarin, da kuma wa yake ba wa, jikansa ne ko wani baƙo. Ki sake ɗaukar babi na farkon da wannan, ki tura wa wasu sababbin kunnuwa banda ƙawayen nan biyu, in kin so ki turo min nima in ji.